Contentful, Strapi ko Sanity? Amsa ga Alhaji mai shagunan shadda da aka ce ya koma headless

Tambayar Alhaji a taƙaice ita ce: yana da shagunan shadda da yadi guda uku, ɗaya a Kantin Kwari, sauran a Kaduna da Abuja, shafinsa na intanet a kan WordPress yake tun shekara biyar da suka wuce, yanzu kuma yana son a yi masa manhajar waya. Yaron da ke kula masa da shafin ya ce gara a koma headless CMS (CMS manhaja ce da ake zuba rubutu da hotunan shafi a cikinta, headless kuma na nufin marar kai), ya kawo masa sunaye uku, Contentful, Strapi da Sanity, ya ce ya zaɓa. Toh wanne zai ɗauka?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Na daɗe ina haɗa wa kamfanoni irin wannan aikin, kuma zan faɗa maka wanda zan ɗauka da ni ne kai, amma sai ka ɗan yi haƙuri da ni tukuna, dan akwai abin da yaron naka bai gaya maka ba, ba wai mugunta ba ce, mu masu rubuta manhaja haka muke, abin da zai mana daɗin aiki shi muke fara kawowa, abin da zai ci aljihun maigida kuma sai daga baya a gano.

WordPress ɗin da kake kai, ka ɗauke shi kamar shago da sito a haɗe. Inda ake ajiye kaya da inda ake baje su kwastoma ya gani duk gini ɗaya ne, ka rubuta abu ka danna, take ya fito a shafi. Shi kuma headless sito ne zalla, babu shago. Ana zuba rubutu da hotuna da bayanan kaya a ciki, sai a bar taga guda da ake kira API, duk wanda ke da izini ya zo ta tagar nan ya ce a miƙo min shaddoji masu ruwan toka, a miƙo masa. "Kan" da ake cewa babu, shine fuskar da mutane ke gani, wato shafin da manhajar. Kaga kenan ranar da ka biya kuɗin headless, sito ka saya, shagon sai an gina maka shi daban da wani abu irin su Next.js ko Nuxt ko Astro, kuma duk ƙananan abubuwan da WordPress ke baka a ɓagas ba ka ma san yana yi ba, wurin bincike, jerin shafukan da ake miƙa wa Google, leƙa rubutu ka ga yadda zai fito kafin ka sake shi, juya tsohon adireshi zuwa sabo, duk sai an zauna an rubuta su da hannu. Gobe in kana son a matsar da hoton sallah sama a sauko da na rangwame ƙasa, in ba a tsara maka hakan tun farko ba, sai ka kira yaro. In yana biki a Katsina sai ka jira Litinin.

Dan haka tambayar gaskiya ita ce wa zai riƙe maka kan nan bayan an gama aiki an yi hoto an watse, da kuma wa zai riƙa zama yana zuba kaya a siton kullum. Sunan kamfani yana bayan waɗannan biyun.

Headless yana biyan wahalarsa ne in fuskar ta wuce ɗaya. Kai da ka ce manhajar waya na tafe, kana da hujja, shafi ɗaya, manhaja ɗaya, watakila gobe allon talabijin a shagon Abuja da ke nuna sabbin kaya, duk su sha daga rijiya ɗaya, ka gyara bayanin Getzner sau ɗaya ya gyaru ko'ina. Amma ka sani WordPress ɗin naka ma yana da tagar. Tun fitowar WordPress 4.7 a Disambar 2016 tagar da ake kira REST API ke cikinsa, akwai kuma filogin (ƙarin manhaja da ake maƙala masa) mai suna WPGraphQL ga mai son wata irin tagar da ake kira GraphQL. Ma'ana manhajar wayar zata iya ɗiban kaya daga shafin da kake da shi yanzu ba tare da an rushe komai ba, ma'aikatanka kuma su ci gaba da aiki a inda suka saba. Ba banza ba sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya suke kansa, mai gyaransa ba ya wuyar samu ko a Farm Centre ka tambaya. Inda wannan dabara ke cijewa shine in an gina shafukan naka da irin su Elementor, wato filogin da ake tsara shafi da shi ta hanyar jawo abu a ajiye, dan abin da zai fito ta tagar tarkacen kod ne haɗe da rubutu, manhaja ba zata san ina sunan kaya ina farashi ba. Ka sa yaron ya buɗe maka ya nuna maka abin da API ɗin ke fitarwa na kaya guda ɗaya. In ka ga suna daban, kala daban, hoto daban, toh ba ka da gaggawa. In ka ga jagwalgwalo, mu ci gaba.

Sunayen nan ukun da aka kawo maka ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba. Contentful, kamfanin Jamus da aka kafa a Berlin a 2013, da Sanity na Oslo a Norway, haya kake yi a wurinsu, su ke riƙe da saba, wato kwamfutar da bayanan ke zaune a cikinta, su ke gadi, kai dai ka biya wata-wata. Irinsu ne Storyblok na Austriya da Hygraph wanda da ake ce masa GraphCMS kafin ya canja suna a 2022. Strapi kuwa, na Faransa, buɗaɗɗen kod ne da aka rubuta da Node.js, ka sauke shi kyauta ka ɗora a sabar da ka kama da kanka, haka ma Directus da Payload. Suma suna da nasu tsarin hayar in ba ka son wahala, amma asalin abin da ya sa mutane ke zuwa wurinsu shine su riƙe kayansu a hannunsu.

Maganar haya a wurinmu maganar dala ce, kuma kai ɗan kasuwa ne ba sai na karanta maka ba. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sa hannu a biyan dala wata-wata kafin nan, kuɗinsa ya ninka sau uku ba tare da ya ƙara ko hoto ɗaya ba, ga kuma lokacin da bankuna suka toshe katin naira daga biyan kuɗi a waje, mutane suka koma neman katin dala ko roƙon ɗan'uwa da ke Ingila ya biya musu. Kuskuren da kowa ke yi shine kallon matakin kyauta. Dukkansu suna da shi kuma yana da kyau wallahi, an yi shi ne dan ka shiga ka miƙe ƙafa. Abin da zaka kalla shine matakin da ke bin sa, da abin da zai tura ka can. Wasu da yawan ma'aikatan da ke shiga suke lissafi, wasu da yawan harsuna, wasu da yawan kayan da ka zuba, wasu da yawan buƙatun da ake turowa ta API da nauyin hotunan da aka sauke. A Contentful tsallen daga kyauta zuwa biya ɗaruruwan daloli ne a wata, dan su manyan kamfanoni suke hari masu rassa a ƙasashe da ma'aikata rututu. Sanity kuɗin kai yake karɓa, kowane ma'aikaci da nasa, wanda ga mai mutum huɗu ko biyar ya fi sauƙin haɗiya. Farashin nan suna canja shi akai-akai, dan haka ku buɗe shafin farashin ranar da zaku yanke shawara, ku zauna da biro ku lissafa a kan yadda kasuwancin zai kasance nan da shekara biyu, ba yadda yake yau ba.

Sai kyautar Strapi, wadda kyautar doki ce, an baka dokin amma harawa da dusa da mai wanka duk naka ne. Zaka kama saba, zaka tsayar da rumbun bayanai irin PostgreSQL ko MySQL, zaka nemi inda hotuna zasu zauna irin su S3 ko Cloudinary dan kar su cika maka saba, wani kuma sai ya riƙa yin bakof, wato ajiye kwafin bayanan a wani wuri, yana kuma gwada cewa bakof ɗin na dawowa, dan da yawa sai ranar gobara suke gano fayil ɗin da suke ajiyewa fanko ne. Ga sabuntawa. Da Strapi ya fito da na 4 a ƙarshen 2021 ya daina tafiya da rumbun bayanai na MongoDB, waɗanda suka gina a kansa sai da suka kwashe bayanansu kaf zuwa wani rumbun, na 5 kuma ya fito a Satumbar 2024 da nasa canje-canjen. Ba aibu ba ne, haka manhaja take, amma aiki ne da sai an biya wani ya yi. Lasisi ma abin dubawa ne, Directus a 2023 ya canja nasa ya zama kamfanin da kuɗinsa ya haura dala miliyan 5 a shekara sai ya biya. Payload kuma kamfanin Figma ya saye shi a 2025. Irin wannan cinikin ba lallai ya zama sharri ba, sai dai wanda ya ga yadda Gatsby, wani abin gina shafi irin su Next.js, ya yi sanyi bayan kamfanin Netlify ya saye shi a 2023, alhali a da shine abin yayi, zai riƙa sa ido.

Bari in baka labarin da ya sa nake nanata maganar riƙo. An taɓa kirana wani kamfani da shafinsu ya mutu ana saura kwana tara sallah. Da na zauna na fara tambaya, ina sabar take, ba wanda ya sani. Akawun ɗin da sunan wa, sai manajan ya ciro waya yana ta gungurawa cikin tsoffin saƙonni har ya samo, ashe da imel ɗin yaron da ya gina musu ne, shi kuma ya samu aiki ya bar ƙasar, katin da ke biyan sabar nasa ne ya ƙare, kamfanin hostin ya turo gargaɗi sau uku zuwa imel ɗin da ba mai buɗewa, daga nan suka goge. Kaya sama da dubu da hotunansu. Mun samo yaron daga baya, mutumin kirki ne ma, ya turo kod ɗin cikin dare, amma bayanan sun tafi, sai da aka zaunar da yara biyu suna kwafo bayanin kaya daga tsoffin hotunan Instagram. Manhajar da suka zaɓa lafiyarta ƙalau, matsalar ba a nan take ba sam.

Yanzu gwajin da nake so ku yi, wanda ya fi duk wani teburin kwatance da zaka gani a intanet. Yaron ya buɗe na kyauta a biyu daga ciki, ya tsara kaya iri ɗaya, shadda: suna, kamfanin da ya yi ta, kala, faɗi, yadi nawa a bandir, hotuna, rassan da ake samunta. Sai a kira wadda ko wanda zai riƙa zuba kayan a zahiri, ba manaja ba, ba kai ba, a ba ta kwamfutar shagon da intanet ɗin shagon, a ce ta shigar da kaya goma, kowa ya yi shiru yana kallo. Zaka ga inda take tsayawa. Ta ɗora hoto daga waya mai nauyin megabait 6, ya shiga ko ya maƙale? Ta yi kuskure ta goge bayani, akwai hanyar dawo da na jiya? Ta gama tana son ganin yadda zai fito a waya kafin ta saki, akwai maɓallin ko sai ta saki ta je ta duba? Wuta ta ɗauke ana cikin rubutu, abin da ta rubuta yana nan? Zata iya rubutawa wani ya duba ya amince kafin ya fita, ko kowa da ya shiga sarki ne? Nan ne bambancinsu ke fitowa. Sanity yana ajiye abin da kake bugawa nan take kuma mutum biyu zasu iya aiki a kan abu ɗaya lokaci guda, amma fuskar aikin nasa, Studio, da kod ake tsara ta, in yaron ya ƙware zata yi kyau kamar dan ku aka yi, in bai ƙware ba zata zama kufai. A Strapi da linzami ake tsara filayen, ya fi saurin farawa. Storyblok, da ba ya cikin jerin naka, shine ya fi ƙarfi wajen nuna wa mai rubutu shafin yana gyarawa yana gani, in ma'aikatan naka sun saba da jawo abu su ajiye kamar a Elementor ku saka shi a gwajin.

A cikin kaya goman nan lallai a sa masu ƙ da ɗ da ɓ, misali "Ɗanyen yadi ruwan ƙasa". Rumbun zai karɓa, wannan ba matsala ba ce yanzu, inda ake faɗuwa wurare uku ne. Na farko adireshin shafi da ake ƙirƙira daga sunan, na sha ganin harafin ya ɓace gaba ɗaya, ƙasa ta koma "asa", ɗanye ya koma "anye", sai an rubuta ƙa'ida cewa ƙ ta zama k, ɗ ta zama d. Na biyu bincike, kwastoma a waya "kasa" zai buga ba lanƙwasa, in ba a koya wa binciken cewa su ɗaya ba ne zai ce babu kayan alhali suna nan jibge. Na uku salon haruffan da mai zane ya zaɓa, da yawansu ba su da haruffanmu, sai ka ga ɗ ɗin ta fito wata iri daban a tsakiyar kalma kamar an ɗinka faci. Kuma in Hausa da Turanci zaku yi, har da Faransanci saboda kwastomomin Maraɗi da Damagaram, ku ƙirga harsunan tun yanzu dan na faɗa maka wasu da su suke cajin kuɗi, ku kuma duba me ke fitowa in an rubuta bayanin Turanci ba a rubuta na Hausa ba tukuna, fili fanko ko kuwa ya ɗauko na Turancin ya toshe.

Wani abu da nake faɗa da mutane a kai kullum: CMS ba littafin sito ba ne. Yawan bandir da ya rage, oda, biyan kuɗi, sunan kwastoma da lambarsa, ba wurinsu ba ne. Waɗannan na manhajar ciniki ne irin su Shopify ko Medusa ko WooCommerce ɗin da watakila kake da shi, biya kuma ta Paystack ko Flutterwave. Bayanan kwastoma ma yanzu akwai doka a kansu, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, bai kamata suna yawo a inda duk mai gyara rubutu zai gani ba. Farashi kuwa ku zaɓa masa gida ɗaya tak, kar a taɓa rubuta shi a cikin bayanin kaya, dan ranar da dala ta motsa zaku bi shafi ɗari huɗu kuna gyarawa ɗaya bayan ɗaya. Kuma ka tambayi yaron, in na canja farashi ƙarfe goma, ƙarfe nawa kwastoma zai gani? Yawancin shafukan headless saurinsu daga nan yake, ana gina shafukan a ajiye tun kafin a nema, shi yasa suke buɗewa fit ko da data mai rauni, amma sai an haɗa ƙararrawar da ake kira webhuk wadda zata sa a sake gina shafin da zarar an yi gyara. In ba a haɗa ta daidai ba, mutum zai zo shago da hoton tsohon farashi a wayarsa yana rantsuwa, kuma shi ke da gaskiya.

Hanyar fita ma a gwada ta kafin a shiga. Ku ce yaron ya fitar da kaya goman nan da hotunansu zuwa fayil ku gani. Contentful da Sanity duk suna da hanyar fitarwa, sai dai dogon rubutu kowa da yadda yake ajiye shi, na Sanity sunansa Portable Text, in zaku tashi sai an rubuta abin juyawa. A Strapi bayanan na cikin rumbunku. Ranar barin WordPress kuma, duk tsohon adireshi a juya shi zuwa sabonsa da 301, wato alamar da ke gaya wa Google shafin ya koma can dindindin, in ba haka ba matsayin da kuka tara a Google na shekara biyar zai zube.

Toh ga nawa hukuncin. Contentful cire shi, kaya ne mai kyau amma rigar ta fi ƙarfin wuyan shago uku, zaka biya kuɗin abubuwan da ba zaka taɓa amfani da su ba. In tagar WordPress ɗinka ta fito da kaya a tsare, zauna a kai, a gina manhajar a kanta, ka adana kuɗinka zuwa shekara mai zuwa ka ga ko mutane ma na sauke manhajar. In ta fito da jagwalgwalo kuma yaro ɗaya ne gare ka wanda ba wanda zai maye shi in ya tafi, ɗauki Sanity, dan ko ya ɓace sabar ba zata mutu ba, dalar da zaka biya na mutum huɗu ta fi arha a kan tashin hankalin da na ba ka labari. In kuwa akwai kamfanin da zaku yi yarjejeniyar kulawa a rubuce, wata-wata, da bakof da sabuntawa a ciki, ko kana da niyyar ɗaukar mutum na biyu, Strapi ya fi dacewa da kai, kuɗin sabarsa ba ya hawa dan ka ƙara kaya ko harshe, kuma masu iya Node.js ba sa wuyar samu a ƙasar nan.

Ko wanne ne, kafin a rubuta layi ɗaya na kod, a buɗe imel da sunan kamfani wanda kai ke riƙe da makullinsa, da shi za a yi rajistar sunan shafin, da CMS ɗin, da sabar, da GitHub inda kod zai zauna, katin da ke biya ya zama na kamfani, shi yaron a gayyato shi ciki a matsayin ma'aikaci. In kun yi gwajin kaya goman ka turo min abin da yarinyar ta ce da inda ta maƙale, sai mu duba tsarin filayen tare kafin ku zuba sauran.